Gyaɗar Da Aka Wanke

Da hantsi, wata ranar Talata cikin bazarar 1974, wani dattijo ya sauko daga bayan kamyo, wato babbar motar kaya, a ƙofar kwamisariya, ofishin 'yan sandan Magariya, ya ce shi babba yake son gani.

Babban da ke nan shi ne Sufeto Kyari, wani dogon Babarbare mai fama da ciwon ciki. Ba ya rabo da kwalbar ruwan kanwa, kuma ba ya yarda da maganar farko ta kowa, har da ta matarsa.

"Sunana Rabe, daga Mallawa," in ji dattijon. "Wana Lado ya rasu jiya da la'asar, mun rufe shi. Matarsa Tabawa ce ta kashe shi."

"Ka ga lokacin da ta kashe shi?"

"Na ga lokacin da ya mutu, ranka ya daɗe. Yana ta fizge-fizge, kumfa na fita ta bakinsa. Kwaɗon tafasa ta yi masa da ƙuli-ƙuli. Tun da ya makance ita ke zama su ci kwano ɗaya, amma jiya ko loma ba ta kai baki ba. Matata ta gani ta kan danga."

"Me zai sa ta kashe shi?"

"Yunwa mana. Ta gaji da ciyar da makaho."

Kyari ya kurɓi ruwan kanwarsa. A shekarar nan, bayan farin da aka sha a jere, babu zargin da mutum zai ji ya ce ba zai yiwu ba. Ya aika aka kira Manjo, babban ma'aikacin gidan likitar Magariya, suka hau landiroba.

Sun tarar da jama'a cike a ƙofar gidan Lado, ba kuma duka ne suka zo gaisuwa ba. Wasu samari na tsaye da sanduna.

Tabawa na zaune a bakin ɗaki cikin zanen takaba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma hannuwanta manya, duk sun yi kanta saboda matsar mai. Kowa a Mallawa ya san man gyaɗarta, har fataken tsallaken iyaka kan yi saƙonsa.

"Inna, ya haƙuri?" in ji Kyari.

"Da godiya."

"Wa kika sayar wa ƙulin nan?"

"Ba kowa. Bai isa kai wa kasuwa ba. Na Malam ne kawai."

Kyari ya zagaya bayan turmi. Kaji ne kwance a wurin, ƙafafu a sama, daidai inda aka sheƙe ɓawon gyaɗa. Ya daɗe yana kallonsu. Mai son kashe miji, in ji zuciyarsa, ba ta haɗawa da kajinta, balle a wannan shekara.

"Inna, ina kika samu gyaɗar?"

"A rumbuna."

Ya hau ya leƙa rumbun. Saƙar gizo ce ta rufe bakinsa, sai wani ƙadangare da ya ɗaga kai ya dube shi. Ya sauko yana karkaɗe hannu.

"Rumbun nan ya manta kamannin gyaɗa, Inna. Wa ya kawo miki?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja zanen takabarta ta rufe fuska.

Dole ya tafi da ita. Idan ya bar ta, samarin nan ba za su jira alƙali ba. Idan kuma ta ci gaba da shiru, alƙalin Damagaram ba zai ga komai ba sai matar da ta ba mijinta guba ta ƙi ci. Haka Tabawa ta fara takabarta a ɗakin tsaro na kwamisariya.

Washegari Manjo ya duba ta. Ya danna ƙaurinta da babban yatsa, ya ɗauke, ramin ya tsaya bai ciko ba.

"Wannan kumburin yunwa ne," ya ce wa Sufeto a gefe. "Matar nan ta daɗe ba ta ci abin kirki ba."

Kyari ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna gabanta.

"An ce ba ki ci kwaɗon ba."

"Ban ci ba."

"Don me?"

Ta gyara zama. Can ta ce, "Ba ranar na fara ba, ɗana. Tun sanyi nake yi. Abincin ba ya isar mutum biyu. Malam ba ya gani, amma yana ji. Sai in sa hannu in riƙa kankarar gefen kwano, in yi ta motsa baki, ya ɗauka ina ci. In ya ce, 'Tabawa, kin ƙoshi?' in ce har na gaji. Da ya sani, wallahi da ba zai ci ba."

Kyari ya juya ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu. Ya yi shekaru yana jin ƙarya iri-iri a ɗakin nan, bai taɓa jin wadda ta karya masa zuciya kamar wannan ba.

"To ki taimake ni in taimake ki. Wa ya ba ki gyaɗar?"

"Na rasa ɗaya," in ji ta. "Ba zan ƙara da wani ba."

Bai matsa mata ba. Ya dai fita da sanin cewa akwai wani nata da take karewa.

Ya sake kama hanyar Mallawa don ya tambayi sauran masu matsar mai. Kafin ya isa, daidai Tafkin Kurna, direba ya taka birki. Ungulaye ne zube a gefen hanya, matattu. Wanda ya san ungulu ya san ba ƙaramin abu ke kashe ta ba.

Tafkin Kurna shi kaɗai ne a yankin bai ƙafe ba duk tsawon farin. Daga Yekuwa har Dungas nan ake koro dabbobi. Yanzu wani makiyayi ne zaune a bakinsa, ya rungume sandarsa, shanunsa kwance kewaye da shi a mace, cikinsu ya kumbura.

"Sun tsallake fari, ranka ya daɗe," ya ce. "Da ganyen gawo na riƙe su. Na ce tun da mun kai ga ruwa, mun tsira."

Kyari ya tsuguna a bakin ruwan. Laka ta yi wani ja-ja kamar an zubar da rini. Ga sawun tayoyin kamyo, ga wani fili da aka share aka yi shanya, ɓawon gyaɗa ja duk ya cika shi. Cikin ciyawa ya tsinci yagaggen buhu mai hoton zakara.

Babu manomin da bai san zakaran nan ba. Alamar wani kamfanin gyaɗa ce mai reshe a Magariya, shi ya sa ake ce masa Kamfanin Zakara. Shi ke raba wa manoma iri kafin damina, ya saye abin da suka noma da kaka. Irin nasa kuwa ana cuɗe shi da jan garin magani don kada gara da kiyashi su cinye shi a ƙasa, jan launin kuma gargaɗi ne cewa ba na ci ba ne. Da ruwa ya ƙi zuwa, irin ya zauna a magazan, wato ɗakin ajiyar kamfanin, har ya mutu, ba ya tsiro. Gwamnati ta ce a ƙone shi nesa da ruwa da gari, ta kuma biya kamfanin diyyar asararsa.

Direktan reshen, Mushe Alkasim, wato Malam Alkasim da Faransanci, ya karɓi Sufeto a ofishinsa da fara'a. Mutum ne mai tsafta, mai farar riga da agogo, irin wanda in ya yi Hausa sai ya yayyafa mata Faransanci don kada a manta ya je lakwal ya yi boko.

"Tsohon iri? An ƙone shi ƙurmus, Mushe Sufeto. Ko ƙwaya ba ta rage ba."

"Na ga buhunku a Tafkin Kurna."

"Buhunanmu har shimfiɗa talakawa ke yi da su. Zo in kai ka ka ga wurin da idonka."

Suka tafi bayan gari, wani ramin da aka taɓa haƙar ƙasar gini. Toka ce tuli guda, fara fat. Alkasim ya nuna ta da alfahari kamar gonarsa.

Kyari ya ɗebi tokar ya murza, ta bi iska. Ya tona ƙasar da ke ƙarƙashi da tsinin takalmi, busasshiya ce ƙarau. Gyaɗa mai ce. Inda aka ƙone buhunanta masu yawa, ƙasa kan yi baƙi ta yi danƙo, ƙauri ya daɗe bai bar wurin ba. Wannan tokar karan gero ce, ko tsohuwa mai neman tokar miya za ta shaida.

"Lalle an yi wuta," in ji Kyari. "Na gode, Mushe Direkta."

Da suka komo, gardin magazan ya taso ya buɗe ƙofa. Saurayi ne kakkaura, ya ja hannun rigarsa har wuyan hannu duk da zafin da ake yi. Tafukansa jajaye ne.

"Wannan fa?" in ji Kyari.

Alkasim ya yi dariya. "Illa ke nan. Ango ne, lalle bai gama fita ba."

"Madalla. Ara mini angon, mota ta ƙi tashi da safe, ina son mai turi."

A kwamisariya Kyari ya ba Illa kujera, ya zauna a bakin tebur.

"Allah ya sanya alheri. 'Yar wane gari ce amaryar?"

"'Yar... Yekuwa, ranka ya daɗe."

"Wa ya yi maka alwali wajen ɗaurin auren?"

Illa ya ƙara jan hannun rigarsa ƙasa.

"Naɗe hannun rigarka."

Ya naɗe. Jan ya wuce wuyan hannu, ya haura har gwiwa, fatar tana saɓulewa. Kyari ya sa ya ɗage wando, nan ma ja har gwiwa.

"Ni ma na yi angonci, Illa. Ban taɓa ganin inda aka tsoma ango cikin lalle kamar za a rina shi ba. Wannan na wanda ya shiga ruwa yana cuɗa wani abu ne. Kanka na ciwo? Hannunka na rawa in ka tashi da safe?"

Illa ya dube shi a tsorace. "Ya aka yi ka sani?"

"Ɗan ina ne kai?"

"Mallawa."

"Taso ka ga wani abu."

Ya kai shi ƙofar ɗakin tsaro ya buɗe. Tabawa na zaune a kan tabarma tana jan carbi. Da ta ɗaga kai ta ga saurayin, sai ta yi sauri ta juya fuska ga bango.

"Ban san shi ba," ta ce, tun ba a tambaye ta ba.

Illa ya zube a ƙasa. "Inna! Inna, an ce mini gaisuwa kawai ake yi a gida, ba wanda ya ce an kama ki!"

Illa ɗan ƙanwar Tabawa ne. Uwarsa ta rasu yana goye, Tabawa ce ta yaye shi, Lado ya yi masa kaciya. Tun da ya ji rasuwar yake son zuwa, Direkta ya hana shi, ya ce in ya taka Mallawa da hannuwan nan a bakin aikinsa.

Da kuka ya lafa, maganar ta fito.

"Mushe ne ya tara mu, mu leburori. Ya ce gwamnati ba ta san yunwa ba, ya za a ƙone abinci mutane na mutuwa? Ya ce, 'Ba kun san hanza ba?'"

Kyari ya gyaɗa kai. Wa bai san hanza ba a shekarar nan? 'Ya'yan itacen daji ne masu ɗaci, in ka ci su ɗanye za su iya kwantar da kai. Amma in aka jiƙa su ana sauya ruwa, ɗacin ya fita, sai a dafa a ci. Da hanza rabin ƙasar ya rayu. Duk wanda ya tashi a karkara ya tashi da sanin cewa ruwa na cire dafi.

"Ya ce maganin iri ma haka yake," in ji Illa. "A jiƙa, a cuɗa, a sauya ruwa, a shanya. In ja ya fita, dafi ya fita. Muka kwashe zuwa Tafkin Kurna muka yi ta wanki. Ta fito fes, ranka ya daɗe, kamar sabuwar gyaɗa. Ni da na ga haka sai na tuna su Inna. Na ɗebo kaɗan a ƙasan riga na kai mata, na ce kada ta faɗa wa kowa don sata ce. Wallahi alheri na yi nufi."

"Sauran fa?"

"Suna magazan, an sauya musu buhu. Jibi za a tsallaka da su kasuwar iyaka, a sayar wa masu matsar mai."

Tabawa ba ta juyo ba. Sai dai ta miƙa hannu baya, ta lalubi kan Illa, ta dafa.

Kafin magariba jandarmomi sun kewaye magazan. A can ciki, bayan tulin buhunan wofi, aka sami gyaɗar jibge har rufi cikin buhuna marasa alama. Kusa da su ga tano-tano, wato gangunan ƙarfe na maganin, kowanne da hoton ƙoƙon kan mutum da dogon rubutun Faransanci.

Aka kawo Mushe Alkasim kwamisariya yana ta faɗa, yana cewa sai ya buga waya Yamai. Kyari ya zaunar da shi, ya sa aka shigo da Rabe da Illa da Tabawa. Sannan ya fita, ya dawo da ɗan faranti cike da soyayyar gyaɗa, tana ƙamshi, ya ajiye a gabansa.

"Ka zo wurinmu ba mu ba ka komai ba, Mushe Direkta. Bismilla."

Alkasim ya dubi farantin. "Ta ina ce?"

"Taka ce. Daga magazan na ɗebo. Ai an wanke."

"Na ƙoshi."

"Ƙwaya ɗaya dai, don kada mu ji kunya. Ba kamar hanza take ba?"

Gumi ya keto wa Alkasim. Ya sa yatsa ya ture farantin nesa da shi, har ya goge yatsan a wando. Duk wanda ke ɗakin ya gani.

"Leburorinka ba su iya karatu ba," in ji Kyari, muryarsa ta sauya. "Kai ka iya. Me aka rubuta a jikin tano?"

Alkasim ya juya kai wajen ƙofa.

"Me aka rubuta?"

"An ce... maganin na shiga cikin man ƙwayar. Ruwa ba ya fitar da shi."

"Ka karanta kafin ka tara su, ko bayan?"

Alkasim ya sauke kai. "Kafin."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce shekaru ke nan reshen bai sayi gyaɗar kirki ba, masu kamfanin sun ce za su rufe shi. Ya ga in ya karɓi diyyar gwamnati ya kuma sayar da irin, reshen zai kai wata damina. Ya ƙone kara ya kira ma'aikacin gona ya nuna masa hayaƙi daga nesa.

"Mutane da yawa ke ci a ƙarƙashina, Mushe Sufeto. Don su na yi. Kuma ba a nan na yi niyyar sayarwa ba, can tsallake ne, inda ba a san mu ba."

"Su na tsallaken ba su da ciki?" in ji Kyari.

Reshen da ya ce yana ceto bai ƙara mako ba aka sa masa kwaɗo, leburori suka watse. Aka kafa ƙaya aka kewaye Tafkin Kurna, makiyaya suka yi kudu da abin da ya rage musu. Da ruwa ya sauka a damina, manoma ba su da irin shukawa. Fataken tsallaken iyaka kuwa, da labari ya kai musu, suka daina taɓa man Mallawa, har na matan da ba su san hawa ba balle sauka. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar, Rabe ne ya fara motsi. Ya rarrafa gaban matar wansa, ya cire hula.

"Tabawa, na ɗauki alhakinki. Ki yafe mini."

"Ɗan'uwanka ne, Rabe. Dole ka ji zafi. Tashi."

Kyari ya ce, "Inna, ba ki da laifi. Mota za ta mai da ke gida ki ƙarasa takabarki a ɗakinki."

Ta miƙe da ƙyar. Ta dube shi da idanun da suka bushe.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Da na ci rabona, da rabin ne kawai zai shiga cikinsa. Da ya rayu?"

Kyari ya dubi Manjo da ke tsaye a bakin ƙofa. Manjo ya kawar da kai. Sufeto ya so ƙwarai ya yi mata ƙarya, amma matar nan ta fi shi sanin yadda ake yin ta.

"Allah kaɗai ya sani, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar amsar da ta zata ke nan.

Ɗan sanda ya sa wa Alkasim ankwa ya tashe shi. Da suka zo wucewa ta gabanta, ta ɗaga hannu, suka tsaya.

"Kai ne mai gyaɗar?"

Ya kasa dubanta. "Ni ne, Inna."

"Na ga ba ka ci ba."

Ya ƙura wa ankwar hannunsa ido.

"Ni ma ban ci ba," in ji Tabawa. "Na zauna ina ce masa ya ƙara, ya ƙara. Ya ce rabonsa da ƙuli mai daɗi haka tun kafin fari. Har albarka ya sa wa wanda ya noma ta."

Alkasim ya durƙushe a gabanta, sai da 'yan sanda biyu suka ɗaga shi ta hammata. Haka aka fita da shi, takalmansa na jan ƙasa, har zuwa motar da za ta kai shi gidan kaso na Damagaram.